Mu Tafi Gana da Damina, Mu Bar wa Masu Dala Disamba

Duk shekara, da zarar semestar ƙarshe ta kama, zance ɗaya ne ke yawo a tsakanin 'yan ajin fita: me za mu yi wa kanmu kafin a watse? Sai a kafa kwamiti, a yanka wa kowa kuɗi, a ɗinka anko, a kama zauren biki, a ci shinkafa da cinyar kaza, a yi hotuna, a rubuta wa juna suna a farar riga, shi ke nan an gama. Idan wani ya yi ƙarfin hali ya ce mu haɗa kuɗin nan mu ƙetara iyaka mu ga wata ƙasa, amsar da ake ba shi ba ta canzawa: "Haba malam, da daminar nan? A bari sai Disamba." Kowa kuwa ya san abin da ke faruwa kafin Disamba. 'Yan ND sun bazu neman wurin aikin gwaji na shekara guda, 'yan HND suna jiran kiran bautar ƙasa, wasu an ɗaura musu aure, zauren WhatsApp ɗin ajin ya koma wurin tallar atamfa da turare. Tafiyar ta mutu ke nan, ba tare da kowa ya ce ya fasa ba.

Ra'ayina a nan shi ne, idan har ƙungiyar ɗalibai da kwamitocin sassanmu da gaske suke a kan maganar balaguron ƙarshen karatu, to a shirya shi da damina, kuma a nufi ƙasar Gana. Ba wai don damina ba ta da matsala ba, zan zo kan matsalolinta. Dalilina shi ne damina ce lokacin da aljihun ɗalibi zai iya ɗauka, ita ce kuma lokacin da ƙasar ke nuna abin da mu 'yan Arewa ba mu da shi a gida.

Mu fara da tambayar kanmu, wane ne ya ce damina ba lokacin tafiya ba ce? Masu harkar yawon buɗe ido sun raba shekara gida biyu, lokacin cunkoson baƙi da lokacin ƙarancinsu, kuma ba da mu suka yi lissafin ba. Da Bature suka yi. Mutumin Ingila ko Jamus a watan Disamba yana cikin sanyi da duhu, a Landan rana kan faɗi tun wajen ƙarfe 4 na yamma. Ruwan sama ya ishe shi a gida, abin da yake biyan kuɗi ya nema shi ne rana. Don haka ne littattafansu ke ce masa ya guji damina. Mu fa? Mu da muke shafe wata bakwai ba mu ga ɗigon ruwa ba, mu da muke fita fili roƙon ruwa in ya yi jinkiri, mu da muke kiran damina uwar albarka? Ta yaya shawarar da aka rubuta wa mai gudun ruwa za ta zama tamu? Rana dai ba za mu biya kuɗin mota mu je kallonta ba, wadda muke sha a hanyar zuwa lakca ta wadatar.

Sannan Disamba a Gana yanzu ta fi ƙarfinmu. A 2019 gwamnatin ƙasar ta ayyana shekarar komawa gida, don tunawa da cika shekara 400 da kai bayin Afirka yankin Virginia na Amurka a 1619, ta gayyaci baƙaƙen fata na Amurka da sauran ƙasashe su zo su ga tushensu. Tun daga nan watan Disamba a Akra ya zama kasuwa: bukukuwan kiɗa, 'yan ƙasar mazauna Turai sun dawo hutu, masaukai sun cika, kuɗin jirgi da na mota sun tashi. Waɗannan mutane da dala da fam suke kashewa. Kai da ka tara nairarka da ƙyar daga kuɗin abinci da ɗan abin da ake turo maka daga gida, a wannan layin za ka tsaya kana neman ragi? Mai masaukin da ɗakunansa suka cika ba ya sauraron ciniki. Amma wanda ya kwana uku ba baƙo, in ka zo masa da mutum 30 lokaci guda, shi zai jawo maka kujera. Ba sai an yarda da maganata ba. Kwamiti ya zaɓi masauki ɗaya, ya nemi farashinsa na makon ƙarshen Disamba da na tsakiyar Mayu ko Oktoba, ya karanta wa aji duka biyun.

Akwai ma abin dariya a cikin lamarin. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu kan kai har bakin tekun Gana, da hazonta da ƙurarta da bushewar leɓe. Wato ka bar hunturu a Kano ko Kaduna, ka ƙetare ƙasa biyu, ka biya kuɗi mafi tsada, ka tarar da shi yana jiranka.

To yaya daminar Gana take? A nan ne yawancinmu muke magana ba da sani ba. Muna ɗauka duk ƙasar da ke bakin teku ruwa ake yi dare da rana. Kudancin Gana damina biyu gare shi. Babbar tana farawa wajen Afrilu, ta yi ƙarfi a Yuni, ta lafa a Yuli. Daga nan sai a sami ɗan sarari mai sanyi da gajimare har cikin Agusta, sannan ƙaramar damina ta biyo daga Satumba zuwa Nuwamba. Arewacin ƙasar, wajen Tamale, shi ne mai damina ɗaya irin tamu. Abin da zai ba mutum mamaki kuma, Akra na cikin wuraren da ba su cika samun ruwa ba a duk gaɓar tekun Afirka ta Yamma. Ruwan da take samu a shekara bai kai milimita 1,000 ba, Kaduna ta fi ta. Sai ka nausa yamma wajen Axim ne za ka tarar da inda yake haura milimita 2,000. Ke nan ɗan Kaduna da ya ce yana tsoron ruwan Akra bai duba na garinsu ba. Kuma galibi ruwan wuraren nan saukowa yake yi da ƙarfi na ɗan lokaci ya ɗauke, gari ya washe, kowa ya koma harkarsa.

Yanzu me za a je gani? Ni a wurina na farko shi ne daji, dajin gaske mai duhuwa, wanda yawancinmu a littafin labarin ƙasa kawai muka san shi. Arewa da garin Cape Coast akwai gandun dajin Kakum, inda aka ɗaura gadojin igiya guda 7 daga bishiya zuwa bishiya, mutum ya yi tafiya a sama da ƙasa da kamar mita 30, yana kallon kan itatuwa a ƙarƙashinsa. Ana kiransa dajin ruwan sama, to wane lokaci ya fi dacewa a gan shi in ba lokacin ruwan ba? A jihar Volta, kusa da Hohoe da iyakar Togo, akwai Wli, mafaɗar ruwa mafi tsayi a ƙasar, kuma da damina take cika. A hanyar Kumasi za ka ratsa gonakin koko, amfanin da Gana ce ta biyu a duniya wajen noma shi bayan Kwaddibuwa. A dazukan Asante ne kuma goro yake. Mu faɗa wa kanmu gaskiya, ba a ɗaura aure ko raɗa suna a ƙasar Hausa sai da goro, amma a cikin ajinmu mutum nawa ne suka taɓa ganin bishiyarsa?

Goron nan shi ya haɗa mu da ƙasar tun kafin Turawa su ja mana iyaka. Fataken Hausa sun daɗe suna bin hanyar Gwanja da jakuna, su kai tufafi da kanwa da fatu kasuwar Salaga, su dawo da goro. Malamai ma sun bi sawunsu. Alhaji Umaru Salga, wanda aka haifa a Kano, ya zauna Salaga, bayan yaƙin basasar garin na 1892 ya koma Kete Krachi, inda ya rasu a 1934, ya bar rubuce-rubuce da Larabci da Hausar ajami. Daga wannan zirga-zirga aka sami zangonni. Yau in ka shiga Nima ko Sabon Zango a Akra, ko zangon Kumasi, da Hausa za ka yi ciniki, da Hausa za ka tambayi hanyar masallaci. Abincin da duk Gana ke ci da suna waakye, daga kalmarmu ta wake ya samo suna. Tuwon zafi, ƙosai da kokon da suke kira kokon Hausa duk suna nan a bakin titi. Babban Limamin ƙasar tun 1993, Shaikh Usman Nuhu Sharubutu, daga cikin wannan al'umma ya fito. Ga ɗalibin da bai taɓa fita Najeriya ba, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne: baƙuwar ƙasa ce, amma ba za ka rasa wanda zai ji yarenka ba, ba za ka sha wahalar neman abincin halal ba. Wannan tarihi kuma ba duka ne mai daɗi ba. Kasuwar Salaga ta sayar da bayi kamar yadda ta sayar da goro, kuma fatakenmu na cikinta. Wanda ya tsaya a kurkukun ƙarƙashin ginin Elmina, wanda 'yan Fotugal suka gina a 1482, ya kamata ya tuna da wannan ɓangaren ma. Irin wurin nan ba ya son hayaniya da layin masu ɗaukar hoto. Lokacin da baƙi suka yi ƙaranci ne mai yi maka bayani zai sami sukunin amsa tambayarka.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye a matsayinmu na 'yan kwalejin kimiyya da fasaha. Shekara nawa muna kukan bambancin da ake nunawa tsakanin mai HND da mai digiri? A 2016 Gana ta yi dokar da ta mayar da kwalejojinta irin namu jami'o'in fasaha, shi ya sa yanzu ake da su a Akra, Kumasi, Takoradi, Ho, Tamale da sauransu. Ko canjin sunan ya canza rayuwar ɗalibansu, ko allon bakin ƙofa kawai aka sake? Wannan tambaya ce da ya kamata shugabannin ƙungiyarmu su zauna da takwarorinsu na can su yi musu ido da ido. A ƙarshen Disamba kuwa makarantu na hutun Kirsimeti, maigadi kaɗai za a tarar. 'Yan sashen injiniya suna da madatsar Akosombo, wadda aka kammala a 1965, shekara uku kafin tamu ta Kainji, wadda ta haifar da tafkin Volta, ɗaya daga cikin manyan tafkunan da ɗan Adam ya yi a duniya. 'Yan kanikanci suna da Suame Magazine a Kumasi, unguwa guda ta makanikai, maƙera da masu walda, wadda duk wanda ya san Panteka ta Kaduna zai so ya gwada su. 'Yan kasuwanci da akanta suna da kasuwar Kejetia. Duk waɗannan ba sa rufewa don an yi ruwa.

To, bari mu zo kan masu cewa araha ba ta ado, don suna da hujja kuma bai kamata a raina ta ba.

Ta farko ambaliya ce. Na ce Akra ba ta samun ruwa da yawa, amma ɗan wanda take samu yana yi mata ɓarna, saboda yana zuwa lokaci guda, magudanai sun toshe da shara, an yi gine-gine a hanyar ruwa, musamman a kwarin kogin Odaw. Ranar 3 ga Yuni 2015 mutane suka fake wa ruwa a wani gidan mai kusa da shataletalen Kwame Nkrumah, mai ya malala a kan ambaliyar, wuta ta kama, sama da mutum 150 suka rasu. A 2023, daga tsakiyar Satumba, an buɗe ƙofofin Akosombo don rage ruwa, garuruwan da ke ƙasa da madatsar irin su Mepe suka nutse. A arewacin ƙasar ma, kusan duk shekara in Burkina Faso ta saki ruwan madatsar Bagre wajen Agusta ko Satumba, ƙauyukan bakin kogi sukan ji a jikinsu. Wannan duk gaskiya ne. Amma darasinsa shi ne a san wace damina, a wane yanki, a wane mako. Kada a sa Akra a tsakiyar Yuni. A nemi masauki a kan tudu. In hadari ya haɗo a zauna inda ake, kada direba ya ce zai gwada zurfin ruwa da motar da ke ɗauke da 'ya'yan mutane.

Ta biyu lafiya. Damina lokacin sauro ce, can da nan. Kowa ya tafi da gidan sauronsa, kwamiti ya riƙe akwatin magani, wanda ya ji zazzaɓi a gwada jininsa ranar, kada a ce sai an dawo gida. Akra ta yi fama da annobar kwalara a 2014, don haka ruwan sha sai na leda ko na gora mai hatimi, abinci kuma mai zafi. Teku ma a wannan lokaci igiyarta na da ƙarfi, tana ja ta ƙasa. Mu da yawancinmu ko a kududdufi ba mu iya iyo ba, a tsaya a yashi a yi hoto ya isa.

Ta uku, akwai abin da za a rasa. Wanda burinsa ganin giwaye a gandun Mole ne, rani ya fi masa, don lokacin ne dabbobi ke taruwa a 'yan wuraren shan ruwa. Da damina ruwa na ko'ina, ciyawa ta yi tsawo, sun bazu cikin daji. Amsata a nan ita ce, mai son giwa yana da Yankari a jihar Bauchi, ba sai da fasfo ba. Abin da za mu je nema Gana shi ne wanda babu a gida.

Ta huɗu ita ce ta fi min nauyi, kuma 'yan birni ba su cika tunawa da ita ba: gona. Da yawa daga cikinmu kuɗin makarantarmu daga gero, masara da wake yake fitowa, kuma in an sami hutu da damina iyayenmu hannu suke jira, ba labarin yawon buɗe ido ba. Ba za ka dubi mahaifinka ana tsakiyar noman farko ka ce masa za ka je kallon daji ba. Amma duk ɗan manomi ya san akwai ɗan numfashi bayan an gama maimai, kafin a fara girbin gero. Wannan sarari yana faɗowa ne cikin Agusta, daidai lokacin da ruwa ya lafa a kudancin Gana. Gaskiya ne Agusta na samun wasu baƙi, don Turawa na hutun bazara kuma mutanen Ga na bikin Homowo, sai dai bai kama ƙafar Disamba ba. Wanda ya fi son araha zalla sai ya dubi Mayu ko Oktoba. Kwamiti ya ajiye wa aji waɗannan zaɓuɓɓuka kusa da jadawalin jarrabawa, a kaɗa ƙuri'a. Mako guda ake magana, ba wata ba.

Sai maganar hanya da takardu. Najeriya da Gana duk suna cikin ECOWAS, kuma tun yarjejeniyar 1979 ɗan ƙasashen ƙungiyar na iya shiga wata ya zauna har kwana 90 ba biza. Amma ba biza ba ya nufin ba takarda. Ana bukatar fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS daga hukumar shige da fice, da katin rigakafin cutar shawara. Daga Legas za a bi Seme a shiga Jamhuriyar Benin, a wuce Kwatano, a shiga Togo, a ratsa Lome, a shiga Gana ta Aflao. Iyaka uku ke nan, kuma a kowacce mutum ɗaya marar kati zai iya tsayar da mota guda. Jakar nan ta Ghana Must Go da ke ƙarƙashin gadon kowannenmu a hostel ta samo sunanta ne daga 1983, lokacin da gwamnatin Shagari ta kori baƙi marasa takardu, ciki har da 'yan Gana kusan miliyan guda, kamar yadda gwamnatin Busia ta kori 'yan Najeriya daga can a 1969. Zumunci na nan, amma takarda ce ke kare shi. Doguwar tafiyar ma ba ta Legas zuwa Akra ba ce, tamu ce ta cikin gida daga Arewa zuwa Legas, kuma ita ce ya kamata a fi yi wa shiri: mota mai lafiyayyun tayoyi da abin share gilashi mai aiki, direba biyu, ba tafiyar dare.

Abin da nake roƙon ƙungiyar ɗalibai ba shi da yawa. A daina barin maganar balaguro sai makonni biyu kafin jarrabawar ƙarshe, ba a fafe gora ranar tafiya. A buɗe adashe tun semestar farko ta ajin ƙarshe, a asusun da mutum uku ke sa wa hannu, a riƙa liƙa lissafinsa a allon sanarwa duk wata, don mun ga yadda kuɗin aji ke bin iska. A tuna canjin naira zuwa sidi ba ya tsayawa wuri ɗaya, a bar rara a cikin kasafi. A rubuta wa hukumar makaranta da wuri a nemi malami namiji da malama mace su raka mu, da wasiƙa zuwa ga iyaye mai ɗauke da wuraren kwana da lambobin waya, domin in ba haka ba 'yan uwanmu mata ne za a bari a baya, kuma balaguron da rabin aji ba su je ba bai cika na aji ba. A rubuta wa ƙungiyar ɗaliban ɗaya daga cikin jami'o'in fasahar can, a nemi su karɓe mu. Wanda kuma ya fi son dina da anko ba a hana shi ba, amma a ba aji damar zaɓa tsakanin biyun da alƙaluma a gabansu.

Mu 'yan ajin fita wataƙila lokaci ya ƙure mana, firojet da jarrabawa sun sha gabanmu. Ƙannenmu na ND I da HND I, ku ne kuke da shekara guda cur a hannu. Ku je ofishin shige da fice tun yanzu, ku yi rigakafin shawara, ku fara zubi. In wani ya ce muku a bari sai Disamba, ku tambaye shi ajin da ya taɓa tafiya a Disamban. Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa, ya kai mai tafiya lafiya, ya dawo da shi lafiya.